Kyamara ta ga ɓarawo amma ba ta ga fuskarsa ba: yadda aka yi a wani gida cikin kwana 90

Yadda abin ya faro

Gidan na yayana ne, ba sai na faɗi inda yake ba tunda abin da ya same shi zai iya samun kowa a ko'ina. Akwai fili a gaban gidan, faɗinsa mita 14, daga bangon gidan zuwa get kuma mita 9, sai wani ɗan lungu ta hannun hagu mai faɗin mita ɗaya da rabi da yake zagayawa baya. Katanga ta kewaye gidan gaba ɗaya, tsayinta ya haura mita 2. Get ɗin na ƙarfe ne, akwai ƙaramar ƙofa a jikinsa wadda ta nan kowa yake shiga da fita.

Cikin wata guda aka shigar musu sau biyu da dare. Na farko keken ƙaramin ɗansa aka ɗauke, na biyu kuma aka kwance batirin motarsa tana ajiye a filin, da safe suka tarar da ƙaramar ƙofar a buɗe, ba a fasa komai ba, ba wanda ya ji motsi. Ba kayan ne suka fi damunsa ba, matarsa ce ta daina barci, ko kyanwa ta taka kwano sai ta tashi zaune, yaron ma ya fara tambayar ko mutumin zai dawo.

Ya kira ni tunda ya san ina ɗan taɓa harkar kayan lantarki, ya ce ƙanena kyamara zan sa, amma ba na son a fasa min bango ana jan waya, kuma guda ɗaya nake so wadda za ta ga filin nan kaf. Sharuɗɗansa kenan guda uku: babu waya, guda ɗaya, mai faɗin ido. Lokacin ba na kusa, na ce Yaya ka bari na zo mu duba tare, amma hankalinsa a tashe yake, kafin na zo har ya saya ya ɗaura.

Rana ta 1: abin da ya saya da inda ya ɗaura

Kyamara ce mai batir, tana haɗuwa da waifai na gida, a jikin kwalinta an rubuta faɗin ido digiri 130, hoto 1080p, gani da dare, da IP65. Wannan IP65 ɗin dai ba shi da matsala, lamba 6 na nufin ƙura ba ta shiga, 5 kuma na nufin tana jure feshin ruwa ta kowane ɓangare, wanda ya ishi ruwan sama. Babu katin memori a ciki, bidiyon yana tafiya ne ta intanet zuwa ma'ajiyar kamfanin, daga nan ya kalla a manhajar wayarsa.

Ya ɗaura ta a tsakiyar bangon gaba, can ƙarƙashin bakin rufi, tsayin mita 4 daga ƙasa, don ya ce ba ya son hannu ya kai. Ya ɗan ɗaga kanta sama yadda za ta hango har saman get da ɗan ɓangaren titi. Ruta ɗin gidan kuma, wato na'urar da take raba waifai, yana can ɗakin ciki, tsakaninsa da kyamarar bango uku.

Da rana hoton ya yi kyau sosai, ya turo min a waya, ga mota ga get ga bishiyar gefe duk sun fito, ya ce ka gani ko, shi kenan an gama.

Rana ta 2 zuwa ta 18

Abu na farko da ya lura da shi, bakin lungun nan na hagu bai fito ba. Ya juya kyamarar hagu kaɗan, lungu ya shigo, sai kusurwar dama ta fita. Ya mayar da ita tsakiya ya haƙura.

Na biyu saƙonni. Duk motar da ta wuce a titi sai wayarsa ta yi ƙara, duk mai tafiya da kansa ya leƙo ta saman get sai ƙara, da rana in iska ta kaɗa bishiyar nan inuwarta ta motsa a kan siminti mai zafi nan ma wani lokacin sai ƙara, a rana ɗaya ya ƙirga saƙo ya haura 60 kuma ba ko ɗaya da ya shafi gidansa, zuwa rana ta biyar ya kashe ƙarar gaba ɗaya don ta hana shi aiki.

Na uku batir. An ce masa zai yi watanni, amma rana ta 9 ya mutu. Dalilin a bayyane yake, irin wannan kyamarar barci take yi, sai sensan motsi ya tashe ta sannan ta kunna ido ta haɗa da waifai ta tura bidiyo ta koma barci, lissafin watannin da ake rubutawa an yi shi ne a kan tashi kaɗan a rana, ita kuwa wannan titi ya hana ta runtsawa. Ga kuma sigina mai rauni, wanda yake sa ta daɗe tana fama kafin bidiyon ya tafi. Sai da ya nemo tsani ya hau mita 4 ya kwance ta, ta yini a caji, daren ranar gidan babu kyamara. Rana ta 17 aka sake yin haka.

Akwai kuma lokutan da in ya buɗe manhajar don ya kalli gida kai tsaye sai ta yi ta juyawa, daƙiƙa goma, ashirin, wani lokacin ta ce ba a samu kyamarar ba.

Daren rana ta 19

Wajen ƙarfe 3 na dare aka sake shigowa. Wannan karon madubin gefen mota aka ɓalle, da wata ƙaramar akwatin kayan aiki da aka manta a bakin baranda. Kyamarar ta ɗauka, bidiyo ɗaya mai daƙiƙa 12.

Na kalli bidiyon nan ya fi sau ashirin. Ba a ga shigowarsa ba sam, bidiyon ya fara ne mutumin ya riga ya zo tsakiyar fili yana gefen mota. Saman hoton ya yi fari fat kamar hazo, ƙasan kuma duhu, mutumin wani dogon abu ne mai launin toka yana motsi, in ka tsayar da bidiyon sai ka ga kansa ya ja layi kamar an shafa alli da yatsa. Da ya matso baranda sai tsakar kansa kawai ake gani, daga nan ya shige ƙarƙashin kyamarar ya ɓace. Sau ɗaya ya juyo da fuskarsa, a bakin get lokacin fita, Yaya ya ja hoton da yatsu biyu ya ƙara girma, abin da ya fito 'yan murabba'ai ne masu toka-toka, ba ido ba hanci.

Ya kai rahoto da bidiyon, aka karɓa, aka ce masa gaskiya ba za a iya gane kowa da wannan ba. Da ya dawo ya kira ni muryarsa a sanyaye, ya ce to me amfaninta kenan, na ga an yi min sata ina kallo.

Rana ta 24 zuwa ta 38: kyamara ta biyu

Abin da ya ɗauka daga daren nan shi ne kyamarar ba ta gani da faɗi yadda ya kamata, don haka ya sayo wata mai juyawa, wadda aka rubuta wa digiri 360 da bin mutum da kanta. Ita ma mai batir ce, ya haɗa mata ƙaramin faifan sola. Ya cire ta farkon ya ɗaura wannan a gurbinta, tsayi ɗaya, wuri ɗaya.

360 ɗin nan juyawar wuyanta ake nufi, idonta kuwa a kowane lokaci gefe ɗaya yake kallo, kuma faɗinsa ma bai kai na ta farkon ba. In tana kallon get lungu ya fita, in ya juya ta lungu ya manta bai mayar ba sai ta kwana tana kallon bango. Bin mutum ɗin ma ya gwada, wata rana ta bi kyanwa har kusurwar dama ta tsaya can, a daidai lokacin matarsa ta shigo da kaya ta ƙofa har ta shige gida ba a ɗauke ta ba. Faifan solan kuma yana ƙarƙashin inuwar rufi, rana ba ta taɓa shi sai ɗan lokaci da yamma, ga injin juya ta yana cin nasa, batirin kullum ƙasa yake yi.

Rana ta 33 maƙwabcinsa na dama ya yi sallama, cikin mutunci ya ce Malam ba faɗa na zo ba, amma na ga kyamararka wani lokacin tana fuskantar tagar ɗakinmu na sama, iyalina ba su saki jiki ba. Yaya ya ba shi haƙuri ya buɗe manhajar a gabansa, suka duba tare, tagar kuwa ta fito a kusurwar hoton. A ranar ya kashe juyawar. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, inji shi da kansa.

Rana ta 40: ranar awo

Ranar na samu zuwa. Ban zo da wata kyamara ba, tef ɗin awo na zo da shi da alli da takarda, muka mayar da ta farkon gurbinta don mu ga me ya faru a daren rana ta 19.

Muka fara da digiri 130. Yawancin kamfanoni in sun rubuta lamba ɗaya to daga kusurwa zuwa kusurwa suka auna, wato a karkace, kamar yadda ake auna talabijin. Da muka buɗe cikakken bayanin kyamarar sai ga shi, daga hagu zuwa dama kusan digiri 110 ne, daga sama zuwa ƙasa kusan 60. Abin da ya cinye bakin lungu kenan. Wannan 60 ɗin kuma, da tsayin mita 4 da ɗaga kan da aka yi mata, shi ya bar fiye da mita 2 a gindin bango babu mai gani, na tsaya a bakin baranda ina ɗaga hannu, Yaya yana kallon waya ya ce ba ka nan.

Sai maganar fuska, a nan muka daɗe. Hoton 1080p ɗigo-ɗigo ne da ake kira fiksel, 1920 a kwance 1080 a tsaye, ba sa ƙaruwa ba sa raguwa, in idon kyamara ya buɗe da faɗi su ɗin dai ake shimfiɗawa a kan fili mai yawa. Ido mai digiri 110 a nisan mita 9 yana ɗaukar faɗin kusan mita 26. Raba 1920 gida 26, kowace mita ta samu kusan 74. Faɗin fuskar mutum bai wuce santimita 15 ko 16 ba, kenan ɗigo 11 ko 12 kacal suka zana fuskar mutumin nan a bakin get. Lissafin kusan-kusa ne, don ido mai faɗi yana lanƙwasa hoto, tsakiya ya ɗan fi haka, gefe-gefe kuma inda katanga take lanƙwashewa kamar baka ya gaza haka, amma dai a nan wuraren abin yake. Ƙara girma da yatsa ba ya kawo sabon ɗigo, waɗannan 12 ɗin yake kumburawa.

Akwai ma'aunin da masu wannan aikin suke bi, yana cikin ƙa'idar IEC 62676-4 bugun 2014: fiksel 25 a mita ya isa ka san akwai mutum, kusan 63 ka ga abin da yake yi, 125 ka gane wanda dama ka sani, 250 kuma ka tantance baƙon fuska. Mu muna kan 74. Da wannan kyamarar sai mutum ya matso ƙasa da mita 3 kafin a kai 250, a wannan nisan kuma daga tsayin mita 4 hula kawai za ka gani. Don ya gani da idonsa na rubuta manyan haruffa a takarda na riƙe a ƙirji, na riƙa ja da baya mita-mita muna sa alamar alli, a mita 3 yana karantawa, a mita 6 yana cankar wasu, a bakin get ya ce fara ce kawai.

Daga nan muka gwada sensan motsi. Irin na masu batir PIR ake ce masa, zafin jiki yake ji in ya gitta daga wannan yanki zuwa wancan, shi ya sa ya fi kama wanda ya ratsa ta gefe a kan wanda ya miƙo kai tsaye, kuma nisansa yawanci bai wuce mita 7 zuwa 10 ba. Daga ƙofa zuwa mota tafiya ce kai tsaye zuwa kyamara. Na shigo ta ƙofa sau biyar da tafiyata ta kullum, duk biyar ɗin sai na yi taku huɗu ko biyar kafin rikodin ya fara, wani ɓangare jinkirin sensa ne, wani kuma lokacin da take ɗauka ta farka.

Da dare muka dawo kan farin hazon nan. Fitilun infirared da suke kewaye da idonta, waɗanda da su take gani da dare, masu ɗan jan haske in ka kalle su a duhu, suna bugun farin silin na bakin rufi da ke dab da ita su dawo mata cikin ido, ita kuma sai ta rage haske gaba ɗaya don ta daidaita, filin ya yi duhu. Hasken ma in nisa ya ninka biyu kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa, ga shi ba ya bazuwa da faɗin idon, kusurwoyi baƙi ƙirin. In haske ya yi kaɗan kyamara takan daɗe da buɗe ido a kowane hoto, abin da ya sa kan mutumin ya ja layi kenan.

Na ƙarshe sigina. Na hau tsani da wayata na auna ƙarfin waifai a gefen kyamarar, -78 dBm, wato ma'aunin ƙarfin sigina. Lambar nan duk yadda ta matso sifili ya fi kyau, -50 lafiya lau, wajen -67 bidiyo yana tafiya, in ta wuce -70 an fara wahala.

Rana ta 45 zuwa ta 50: abin da aka canza

Daga cikin sharuɗɗansa uku sai da ya saki biyu. Na ce Yaya guda ɗaya ba za ta yi aiki biyu ba, kuma ɗaya daga ciki dole ta samu wuta ta soket. Bai so ba, ya yi shiru, sannan ya ce in dai za a ga fuska a yi.

Ta farkon mai faɗin ido ba a yar da ita ba. An sauko da ita mita 2.7, an ɗauke ta daga tsakiya zuwa kusurwar dama ta gidan, nesa da silin. Kusurwa digiri 90 ce, ido mai 110 ya rufe ta har da rara, daga can tana kallon filin a karkace, bakin lungu ya shigo, kuma duk wanda ya taso daga ƙofa yanzu ratsawa yake yi ta gabanta, sensa yana kama shi da wuri. An sunkuyar da kanta yadda saman hoton ya tsaya a saman katanga, titi ya fita. An sa mata faifan solan nan amma da doguwar wayarsa aka fito da shi inda rana take dukansa sa'o'i da yawa. Aikinta yanzu ta nuna ta ina aka shigo, ina aka nufa, su nawa ne.

Don ƙofa aka sayo ta uku, wadda ba ta da faɗin ido, mai gilashin ido irin wanda ake rubuta wa milimita 4, kusan digiri 80, hoto 2560 a kwance. An ɗaura ta a jikin katangar gefe, mita 4 daga ƙaramar ƙofa, tsayin mita 2.5. A wannan nisan tana ɗaukar faɗin kusan mita 6.7, kenan kusan fiksel 380 a mita, fuska ta samu wajen ɗigo 60. Bidiyonta ta waifai yake tafiya, wuta kuma siririyar waya aka bi da ita ta jikin katanga cikin bututu, rami ɗaya tak aka huda. Tunda ba batir take ci ba ba ta barci, rikodin take yi dare da rana a katin memori na 128GB irin wanda aka yi don yawan rubutu. A kan megabit 2 a daƙiƙa tana cin kusan 21GB a rana, katin yana riƙe kusan kwana 6 kafin ya fara goge na baya. Ko intanet ya ɗauke ko wani ya dagula siginar, katin yana aikinsa. Mun duba tana da WDR, wato iya daidaita haske da duhu a hoto ɗaya, saboda da safe rana ta bayan mai shigowa take fitowa, in babu shi fuska baƙa za ta fito. A saman ƙofar kuma aka sa ƙwan fitila mai kamawa da kansa in duhu ya yi.

Mai juyawar aka kai ta bayan gida, aka kafe ta tana kallon ƙarshen lungu, ba juyi ba bin kowa.

Ruta ya dawo falo kusa da taga, bango ɗaya ya rage, aka bar kyamarorin a kan waifai mai 2.4GHz tunda ya fi mai 5GHz ratsa bango da nisa, aka duba tashoshin waifai na 1, 6 da 11 aka zaɓi wadda maƙwabta ba su cika ba. Awo ya koma -58 a kusurwa, -63 a bakin get. Ruta da kyamarar ƙofa aka haɗa su da ƙaramin batirin ajiya don in wuta ta ɗauke.

A manhaja aka zana yankin da ake son saƙo daga gare shi, aka kunna gane mutum, aka rufe ɓangaren gidan maƙwabci da baƙin tambari, aka kashe ɗaukar murya, Yaya ya je har gida ya nuna masa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, a wasu ƙasashen har kotu ake zuwa, a 2014 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa kyamarar gida da take ɗaukar hanyar jama'a ta fita daga sahun harkar cikin gida zalla, dokar kare bayanai ta hau kanta. Kalmar sirri ma duk aka canza aka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata shaida kafin a shiga, don kalmar manhajarsa ita ce ta imel ɗinsa. Na tuna masa abin da ya faru a 2016, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urori, da yawansu kyamarori da na'urorin rikodin ɗinsu, ba da wata dabara ba sai gwada kalmomin sirrin da aka fito da su daga masana'anta, har aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka a Amurka. Ƙaramar ƙofar kuma aka canza mata makulli, don mun gano tsohon sakatan ana iya zura waya ta tsaga a ɗaga shi.

Rana ta 50 zuwa ta 90

Saƙonni suka sauko daga 60 da wani abu zuwa ƙasa da 10 a rana, kusan duk mutanen gida ne, ya mayar da ƙarar wayarsa. Batirin ta kusurwa bai sake sauka ƙasa da rabi ba, tsani ya koma ma'ajiyarsa.

Mun maimaita gwajin takarda da dare, a bakin ƙofa haruffan sun fito tsaf, fuskata ma har tabon da ke gefen girata ya fito.

Daren rana ta 71, ƙarfe 2 da minti 40, wani ya taɓa ƙofar daga waje, a bidiyon ana ganin ƙofar tana motsi da bakin wata waya tana leƙowa ta tsaga, bai samu ba, sai ya kama saman get ya ɗago kansa ya leƙo, fitila ta haske shi, ya kalli kyamarar kamar daƙiƙa biyu ya saki ya tafi. Fuskar ta fito sarai. Yaya ya kwafe bidiyon daga kati tun da asuba ya kai inda ya kai rahoton farko. Bai san mutumin ba, kuma ba wanda zai iya cewa shi ne na daren 19, tunda na daren 19 ba shi da fuska. Daga nan har rana ta 90 ba a sake taɓa gidan ba.

Matsalolin da suka rage: gizo-gizo yana son saƙa a gaban ta kusurwa, zaren ya yi ta walƙiya cikin hoton dare, sai an share duk mako. Sau ɗaya wuta ta daɗe ba ta dawo ba batirin ajiyar ya ƙare, ta ƙofa ta yi shiru na wasu sa'o'i.

Abin da na gani a ciki

A ganina kyamarar farko ba lalatacciya ba ce, abin da aka ƙera ta ta yi shi take yi, aikin da ba nata ba aka ɗora mata. Faɗin ido yana ba ka labarin abin da ya faru a fili, amma da ɗigon fuska ake biyan wannan faɗin, kuma kwali ba ya faɗa maka haka, babbar lamba kawai yake nuna maka. Yaya ya tambayi digiri nawa, tambayar da ta dace da damuwarsa ita ce a ina nake son ganin fuska kuma mita nawa ne daga nan zuwa can. Da an amsa wannan da tef tun ranar farko da ba a sayi mai juyawar ba, ita ce kaɗai sayayyar da nake ganin asara ce, ko da yake ta samu aiki a baya.

Tsayin mita 4 ya cuce shi fiye da yadda ya kare kyamarar, kuma rashin waya da ya nace a kai shi ya jawo barcin kyamarar da ya sa aka rasa shigowar mutumin. Mai batir tana da wurinta, inda wuta ba ta kaiwa kuma motsi kaɗan ne, amma ƙofar da kowa yake bi ba wurinta ba ne. Da 4K ya saya mai faɗin nan, 3840 a kwance, da 74 ɗin ya koma kusan 148, ya gane ɗan gida amma baƙo har yanzu da sauransa, kuma da dare ba a nan gizo yake saƙar ba, haske ne.

Ba zan ce kyamara ce ta hana shiga a daren 71 ba, makulli ne ya hana, fitila ta sa ya yi saurin tafiya, kyamara kuma ta riƙe fuskarsa. Matar Yaya ta ce min ita abin da ya dawo mata da barci shi ne in ta ji motsi ta buɗe waya hoton ya fito nan take ba ya juyawa, ta ga fili babu kowa ta koma ta kwanta. Yanzu abin da muke kai shi ne batirin ajiya mai girma, da kuma tsakiyar lungun nan, wajen mita 3 da har yau ba kyamarar da take gani.